Amsar Wasiƙa: Shin Tsabtar Ruwa Takan Yi Wa Murjani Yawa?

A yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta tana da rassa, kuma in muka yi mata amsar gaggawa ba mu kyauta wa mai ita ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai saro kaya, wanda kuma yake da ɗan ramin karfasa a gefen gonarsa. Ya ce a shagon wani abokin cinikinsa a can ya ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, da kifaye masu launi iri-iri, da waɗansu abubuwa kamar furanni manne a kan duwatsu, waɗanda aka ce masa murjani ne mai rai. A ƙarƙashin akwatin kuma akwai wata na'ura mai tayar da kumfa, tana tara wani baƙin ruwa mai wari a cikin kofi. Da ya koma bayan wata shida sai ya tarar mai shagon ya sayi na'urar da ta fi ta da girma. Ruwa ya yi garau kamar babu shi a ciki, amma murjanin ya koɗe, mai shago yana ta ƙorafi. Shi ne yake tambaya, shin tsabta ma tana yi wa abu yawa? Kuma zai iya sayo irin na'urar ya sa a ramin kifinsa, tun da ruwansa kullum kore yake komawa?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, ana iya wuce gona da iri. Amsar ta biyu kuwa, riƙe kuɗinka. Amma bari mu bi maganar sannu a hankali.

Mu fara da murjanin kansa. Iyayenmu mata sun san murjani, jan dutsen adon nan da ake sa wa a wuya ko a hannu. Na ainihi daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, murjani tun asali ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Dabba ce 'yar mitsitsiya, mai baki ɗaya kewaye da 'yan hannuwa kamar gashi, suna zama dubbai a wuri guda, kowacce tana gina wa kanta ɗaki da irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. In na ƙasa suka mutu sai na sama su ɗora gini a kansu. Wanda ka gani a shagon ɗan'uwan na ado ne, irin wanda ke gina tuddai a ƙarƙashin teku a wurare masu ɗumi marasa zurfi. Mafi girman waɗannan tuddai yana gabar Ostireliya, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Bur Sudan kuwa a ƙofar gidansu yake, domin Bahar Maliya cike take da shi, har ma tsoffin gidajen garin Sawakin da dutsen murjani aka gina su.

Yanzu ga inda maganar take. Wannan murjani mai gina tuddai hanya biyu yake cin abinci. Da dare yakan miƙa 'yan hannuwansa ya kama ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. Amma mafi yawan abincinsa daga wata gona yake samu, gonar kuwa a cikin jikinsa take. Akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya iya gani, tana zaune cikin naman murjanin, tana amfani da hasken rana tana haɗa sukari kamar yadda ganyen dawa ke yi, tana ba maigidan nata. Ita ce ma ke ba shi yawancin launinsa na ƙasa-ƙasa. Kuma kowane manomi ya san gona ba ta yi sai da taki. Takin da wannan gansakuka ke bukata shi ne dai wanda ke rubuce a jikin buhun takin zamani, wato N da P ɗin nan na NPK. A cikin ruwa ana kiransu naitiret da fosfet. Riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

Me ya sa ake bukatar na'urar tun farko? Teku faɗi gare shi, igiyar ruwa tana kawo sabo tana tafiya da tsoho dare da rana. Akwatin gilashi kuwa, ko da na lita 400 ne, duro biyu ke nan. Kifaye suna ci suna kashi a ciki, ragowar abinci yana ruɓewa, kuma babu inda dattin zai je. In ya ruɓe sai ya zama naitiret da fosfet masu yawa, wato taki ya yi wa wuri yawa, sai wata gansakukar dabam, irin mai kama da gashi, ta taso ta rufe duwatsu da murjanin baki ɗaya, kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba. Wannan ya taɓa faruwa a teku ma. A gaɓar Kaneohe da ke Hawayi ta ƙasar Amurka an daɗe ana zuba ruwan masai na gari a teku, har wata koriyar gansakuka ta lulluɓe murjanin wurin. Sai da aka karkatar da bututun a 1977 da 1978, sa'an nan bayan 'yan shekaru gansakukar ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa. Saboda haka kada wani ya ji mun ce datti alheri ne.

Na'urar da ka gani Turawa suna kiranta sikima, wato mai kwashe kumfa. Duk matar da ta taɓa dafa nama ko ta yi awara ta san aikin. In tukunya ta tafasa, kumfa takan taso da datti a kanta, a sa ludayi a kwashe. Masu yin mazarƙwaila ma haka suke yi wa ruwan rake. Bambancin kawai, na'urar ba ta da wuta. Famfo ne ke cusa iska cikin wani dogon bututu mai ruwa, iskar ta farfashe ta zama ƙananan ƙwayoyin kumfa masu ɗimbin yawa. Akwai nau'in datti, irin su furotin da maiƙo, wanda gefensa ɗaya yana son ruwa ɗaya gefen yana gudunsa. Irin wannan datti da ya haɗu da ƙwayar iska sai ya manne mata. Kumfar ta hau sama da kayanta, ta zube cikin kofi, ta zama wannan baƙin ruwa mai wari. Ka ga an fitar da datti ke nan tun kafin ya ruɓe ya zama taki. Wanda ya taɓa tsayawa bakin teku ya ga kumfar da igiya ke tarawa a kan yashi, ai ya ga wannan aiki ba da na'ura ba.

Masu kiwon murjani sun daɗe suna jayayya a kanta. Tun a 1961 wani mutumin Jakarta ta ƙasar Indunusiya mai suna Lee Chin Eng ya bayyana yadda yake riƙe halittun teku da duwatsun da aka ɗebo daga teku, da ruwan teku, da 'yar iska kawai. A shekarun 1970 da 1980 kuma masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka fito da tasu hanyar, wato duwatsun teku, da fitila mai ƙarfi, da sikima. Hanyar Balin ce ta bazu a duniya, domin da ita aka ga murjani mai wuyar sha'ani yana girma a cikin ɗaki. Daga nan sai mutane suka ɗauka cewa duk yadda ruwa ya ƙara tsabta, haka murjani zai ƙara lafiya, aka shiga gasar sayen manyan na'urori.

Amma nawa ne ainihin abin da na'urar ke cirewa? Wani malamin kimiyyar haɗa sinadarai a jami'ar jihar Pennsylvania ta Amurka, Ken Feldman, shi da abokan aikinsa sun auna wannan a 2009 da 2010. Sun gwada na'urori iri-iri, masu tsada da masu araha, suka tarar duk abin da suke iya cirewa bai wuce kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na dattin da ya narke a ruwa ba. In sun kai nan sai kumfa ta daina ɗaukar komai, domin sauran dattin ba irin mai manne wa iska ba ne. Wata ta fi wata sauri, amma duk kusan wuri ɗaya suke tsayawa. Wannan ne ya sa waɗansu ke cewa sam ba a iya wuce gona da iri da sikima, tun da tana da iyakar da ba ta ƙetarewa.

A ganinmu masu wannan magana sun faɗi rabin gaskiya ne. Na'urar ba ta san datti ba, ba ta san abinci ba. Duk abin da ya manne wa kumfa nata ne. Tana kwashe ƙananan halittun da murjani ke kamawa da dare, tana kwashe bakteriya masu yawo a ruwa, waɗanda su ma abinci ne ga waɗansu halittun akwatin. Feldman ɗin nan ya ƙirga bakteriya a 2011, ya ga ruwan akwatunan da ake tacewa da ƙarfi yana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na abin da ake samu a tuddan murjani na teku. Sa'an nan kuma ba a cika barin sikima ita kaɗai ba. Mai akwati yakan ƙara gawayi na musamman mai tsotse datti, ya ƙara wani gari mai kama da tsatsar ƙarfe mai kama fosfet, wani ma har sukari yake ɗigawa a ruwa don bakteriya su yawaita su cinye takin, sikima ta kwashe su. Ga shi kuma kifayen 'yan kaɗan ne, yana ba su abinci da ƙyar don tsoron datti. To ka haɗa waɗannan duka. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Ɗan kasuwa ya san sunan wannan, cin uwar kuɗi ke nan.

Mu koma kan gonar nan da ke cikin jikin murjani. Masana a Jami'ar Southampton ta Ingila, ƙarƙashin Jörg Wiedenmann da Cecilia D'Angelo, sun buga wani bincike a 2023 wanda ya dace da tambayarka kamar don kai aka yi shi. Sun raba murjani gida biyu, suka hana su duka abincin kamawa har fiye da wata shida. Kashi ɗaya suka sa masa naitiret da fosfet a ruwa, ɗaya kashin suka bar shi a ruwan da kusan babu komai. Na cikin ruwa mai taki ya yi ta girma. Na cikin tsabtataccen ruwa kuwa, bayan kamar kwana 50 girmansa ya tsaya, ya rasa fiye da rabin gansakukar jikinsa, ya koɗe. Dalilin da suka gano shi ne, ashe murjani ba sukari kaɗai yake karɓa ba, yana cin wani kaso na gansakukar kanta, kamar mai kiwon kaji da ke yanka ɗaya-ɗaya. Muddin suna hayayyafa babu damuwa. In taki ya yanke suka daina hayayyafa, shi kuwa bai daina ci ba, sai akurki ya zama wayam.

A cikin binciken nan har ila yau sun duba tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya. Waɗansu tsibiran suna da tsuntsayen teku masu yawa, waɗansu kuma ɓeraye sun cinye ƙwai sun kore su. Murjanin da ke kusa da tsibiran tsuntsaye, inda ruwan sama ke wanke kashinsu zuwa teku, ya ninka ɗaya saurin girma har da ɗoriya. Manomin da ke sayen kashin kaji buhu-buhu ba zai yi mamakin wannan ba.

Waɗannan masana dai tun a 2013 sun nuna wani abin kuma. In naitiret ya yi yawa fosfet ya yi ƙaranci, gansakukar takan raunana, sai zafi kaɗan ko haske mai ƙarfi ya sa murjanin ya yi fari. Wato ba yawan taki ko ƙarancinsa kaɗai ake dubawa ba, har da daidaiton tsakaninsu, kamar wanda ya yi ta zuba yuriya ita kaɗai a gonar da fosfet ɗinta ya ƙare. Amma a lura, farin da murjani ke yi a teku, irin wanda aka gani a wurare da yawa na duniya a 1998 da 2016, zafin ruwa ne babban sanadinsa. Wannan wata magana ce ta wata rana.

Don haka in ka koma, ga abin da za ka gaya wa abokin cinikinka. Kada ya yi hukunci da hasken ruwa, ya auna. Ana sayar da 'yan kwalaben gwaji masu canza launi. Yawancin masu kiwon a yanzu ba sa son ganin sifiri. Sukan so naitiret ya tsaya wajen miligiram 2 zuwa 10 a kowace lita, fosfet kuma wajen 0.03 zuwa 0.1. In duka biyun sun nuna babu, ga murjani ya koɗe, namansa ya yi siriri, girma ya tsaya, to yunwa ce. Masu kiwon sun sha lura kuma cewa a irin wannan ruwa ne wata yauƙi mai launin ƙasa takan ɓulla ta shimfiɗe a kan yashi, wadda wani nau'inta yana da dafin da ke kashe dodon koɗin da ke share gilashi. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Maganin ba shi da tsada. Ya fara da ƙara wa kifayen abinci kaɗan-kaɗan, ya cire garin nan mai kama fosfet, ya rage hawan kumfa yadda abin da zai taru a kofi zai zama kaɗan mai kauri. Wannan na ƙarshe yana da wani amfanin. Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a kowace lita, wato jarka mai lita 20 tana ɗauke da giram 700. In kofi yana cika da ruwa tsararo kullum ana zubarwa, ana kuma cike gurbinsa da ruwan daɗi, gishirin akwatin zai yi ta raguwa ba a ankara ba. Haka nan in zai ba murjani abinci, ya kashe na'urar na ɗan lokaci don kada ta riga su. Amma kada ya ce zai kashe ta kwata-kwata rana ɗaya, musamman da dare. Ban da kwashe datti, tana cusa wa ruwa iskar shaƙa, kuma da dare ne iskar ke ƙaranci, domin duk mai rai a akwatin yana shaƙa, babu mai samarwa. Komai zai canza ya yi shi cikin makonni, murjani ba ya son a girgiza shi. Ita babbar na'urar da ya saya kuwa, sau da yawa in ta fi ƙarfin akwati ba ta ma aiki daidai, yau ta yi kumfa gobe ta yi shiru, domin dattin bai isa ya riƙe kumfa a faffaɗan wuyanta ba.

Sai tambayarka ta biyu, wadda mu a wurinmu ta fi muhimmanci, tun da ita ce ta shafi aljihunka. Sikima ba ta aikin kirki a ruwan daɗi. Gishiri ne ke hana ƙwayoyin iska haɗewa, shi ya sa suke zama ƙanana su yi kumfa mai tsayawa. A ruwan rijiya ko na rafi sai su haɗe su zama manya, su fashe nan da nan. Ga ta kuma tana son wutar lantarki ba yankewa.

Ko da ma tana aiki, Malam, me za ka cire? Koren ruwan nan da kake ƙorafi a kansa abincin karfasarka ne. Ƙananan tsirrai ne masu yawo a ruwa, karfasa tana tace su tana ci, kuma saboda su ne ake zuba kashin kaji ko na shanu a ramin kifi. In kana zubar da ruwan duk sa'ad da ya yi kore kana sa sabo, to kuskuren mai shagon nan kake yi, kana zubar da abincin da ka samu kyauta kana sayen na buhu. Ga gwaji mai sauƙi. Da hantsi ka tsoma hannunka a ruwan, tafin yana kallon sama. In ruwa ya kai gwiwar hannu amma har yanzu kana ganin tafinka sarai, ruwan ya yi tsararo, ƙara taki. In tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kusa gwiwar hannu, wato wajen santimita 30, ka dace, bar shi haka. In kuwa da ka tsoma kaɗan ya ɓace, ruwan ya yi kauri, kuma da asuba kana ganin kifaye sun taso sama suna haki, to takin ya yi yawa. Dakatar da shi, rage abinci, ka sako sabon ruwa ya maye wani kaso. Ka kuma bambanta kore da ja. Jan ruwa laka ce, ba ta ciyar da kifi, hasken rana ma take tarewa.

Wannan duk ga mai karfasa a ramin ƙasa muke magana. Mai tarwaɗa a tankin siminti ko na roba, wanda ya cusa kifi da yawa a ƙaramin wuri yana ciyar da su abincin buhu, shi lissafinsa dabam ne. Datti ke saurin taruwar masa, canjin ruwa a kai a kai dole ne a gare shi. In kana shakkar wane ne naka a ciki, kira malamin gona na yankinku ya zo ya ga ramin da idonsa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. In ka sake komawa Dubai, rubuto mana ka gaya mana ko murjanin ya dawo da launinsa. Sauran wasiƙun da ke gabanmu sai mako mai zuwa. A huta lafiya.